Gine-ginen da Na Kashe a Takarda

Shekara ashirin da 'yan kai na yi a ofishin ƙididdiga na Kafanchan kafin a ba ni aikin da ya sa na riƙa tashi da asuba ina ɗokin gari ya waye. Kafin nan aikina bai wuce in shiga kasuwa in tambayi farashin mudun masara da kwalbar manja ba, in dawo in cike takarda, in aika Kaduna, in jira wata mai zuwa in sake. Ban taɓa sanin inda takardun nan suke kwana ba. Da ɗoki na karanci ƙididdiga a jami'a, ina ganin wata rana lambobin da na tara za su sa a gina asibiti ko a gyara hanya. Da shekaru suka tura, sai na daina faɗin haka ko da a zuci.

Wata Litinin shugabar ofishinmu ta kira ni. 'Yar Kagoro ce, ta girme ni da 'yan shekaru, kowa kuma Madam yake ce mata. Ba ta cika dariya a ofis ba, amma ranar da ta yi, har masu acaba a bakin titi sai sun waiwayo. Ta miƙo mini wasiƙa, ta ce, "Zauna tukuna kafin ka karanta, kada ka faɗi in rasa mai ɗaga ka."

Abin da wasiƙar ta ƙunsa shi ne ana so a gyara yadda ƙasashen duniya suke ƙirga aikin gine-gine. Kowace ƙasa da irin mudunta. Wata tana ƙirga gidajen da aka ba izinin ginawa, wata sai waɗanda aka gama, wata kuma buhunan simintin da aka sayar take dubawa ta kintata. Idan aka jera lambobin wuri guda, ba a iya cewa ga wadda ta fi wata gini. Saboda haka aka tsara fom ɗaya da kowa zai yi aiki da shi, aka zaɓi wasu wurare a gwada shi tukuna, yankinmu kuma yana ciki. A ƙarshen wasiƙar aka ce jami'in da aikinsa ya fi tsabta a jihar shi zai je Abuja taron da za a kammala fom ɗin.

Sau uku na karanta ta. Lambar da zan rubuta da hannuna a ƙarƙashin mangwaro a Zonkwa za ta je ta zauna kusa da ta ƙasashen da a taswira kawai na san su! Na fito daga ofishin Madam ina jin kamar an rage mini shekara goma.

An ba mu horo a Kaduna. Fom ɗin ba shi da wuya. Ga kowane gini akwai gurbi uku, za ka sa alama a ɗaya: ana kan ginawa, an gama, ko an yi watsi da shi. Ƙa'idar kuwa a fili take: ginin da ba a gama ba, aka kuma yi wata uku ba a taɓa shi ba, an yi watsi da shi ke nan. Na so wannan ƙa'ida ƙwarai, domin ba ta bar wa son rai ƙofa ba. Ko a ina kake a duniya, wata uku wata uku ne.

Kayan aikin ba su iso mana ba sai tsakiyar damina. Wanda ya san ruwan Agusta a ƙasarmu ya san ba ya sallama idan zai sauko, ba ya kuma gaggawar tafiya. Ban damu ba. Na naɗe takarduna a leda, na hau babur ɗin ofis, na bi unguwannin bayan garin Kafanchan, na bi Zonkwa da Samaru Kataf da ƙauyukan da ke tsakani. Ko'ina na tsaya abu ɗaya nake tararwa: bango a tsaye ba rufi, wani ya kai taga, wani ya kai linta a saman ƙofa, babu birkila, babu lebura, babu ko shebur a jingine. In nemi maƙwabci in ce, "Yaushe rabon a yi aiki a nan?" Ya ce, "Ai tun kafin Ista." In ƙirga watanni da yatsa, in sa alama a gurbi na uku, in yi gaba.

Ni na riga kowa gamawa a jihar. Kaduna suka kira Madam suka ce takarduna ba gurbin da aka bari fanko, ba wurin da aka goge, kuma sun sa sunana a tafiyar Abuja. Ranar na kai wa tela yadi.

A yau, idan na tuna, ba alamomin ne suka fi ba ni kunya ba. Bayanin da na rubuta a ƙasansu ne. Da na ga gurbi na uku ya rinjayi sauran, sai na zauna na tsara shafi guda ina fayyace dalili: tsadar siminti, shekarun tashin hankali, ƙaurar matasa zuwa birane. Kowace jimla gaskiya ce a karan kanta. Na ji daɗin shafin nan har na karanta wa matata. Ban tsaya na tambayi kaina ko abin da nake nema wa dalili ya ma faru ba.

Na sha neman uzurin da zan ba kaina, kuma ga wanda na samu, in ya isa uzuri. Mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan aka haife ni, cikin gidan da aka gama gina shi tun kakana yana saurayi. Daga nan sai makarantar kwana, sai jami'a, sai gidan haya. Ƙauyenmu da Kirsimeti kawai nake zuwa, kwana biyu in dawo. Ɗan ƙasar ne ni, ina jin yarenta, amma ban taɓa zama na ga gida yana girma ba.

Sati biyu kafin wani jami'i daga Abuja ya zo duba aikinmu, Kaduna suka ce in ɗauko hotunan wasu daga cikin gine-ginen da aka yi watsi da su, a nuna a wurin taro. Na tuna wani a wani ƙauye gaba da Zonkwa kaɗan, mai ɗaki uku da falo, kabewa ta yaɗu a cikinsa har ta leƙo ta taga. Na ce wannan zai yi kyau a hoto.

Ina tsaye ina daidaita waya sai ga wata tsohuwa ta fito daga gona, fartanya a kafaɗa, kwano cike da ganye a ka.

"Sannu da aiki, ɗana. Hoton me kake ɗauka? Saya za ku yi? Ba na sayarwa ba ne."

"Sannu da dawowa, Mama. Ba saya za mu yi ba. Daga ofishin gwamnati nake, muna ƙirga gine-gine."

"Oho, kai ne mai babur ɗin da aka ce ya zo ina gona. To me ka rubuta a kan nawa?"

Na buɗe kwafin fom ɗin na karanta mata yadda yake. Ta sauke kwanon a hankali, ta ajiye fartanyar a kansa, ta gyara ɗaurin zane.

"Sake karantawa."

Na sake.

"Watsi? Ni ne na yi watsi? Wa ya gaya maka? Faɗi sunansa in je gidansa yanzu."

"Mama, ba wanda ya faɗa. Ƙa'ida ce. In an yi wata uku ba a yi aiki ba..."

"Wata uku! Da damina? In bar citta a gona in zo in kwaɓa siminti ruwa ya wanke? Kai ɗan wane gari ne?"

Na gaya mata sunan ƙauyenmu. Ta riƙe haɓa.

"Ubangiji ya yi mana jinƙai. Ashe ɗan gida ne ma. Da bature ne da na ce bai sani ba." Ta juya ta ƙwala kira da yare wajen gonar da ke bayan ginin.

Wanda ya fito wani dattijo ne gajere, ya kusa saba'in, ƙafafunsa duk jar laka. Shi ne birkilan da ya aza harsashin ginin, kuma, kamar yadda na ji daga baya, rabin gidajen ƙauyen hannunsa ne. Mama ta zayyana masa laifina. Bai yi fushi ba. Ya dube ni, ya dubi takardar, ya yi murmushin wanda ya ga yaro ya sa takalmi a juye.

"Oga gwamnati, da ka zo, ina ka duba?"

"Na duba ciki da waje, Baba."

"Ka duba sama?"

Na ɗaga kai. A saman bangon, daga wannan kusurwa zuwa waccan, an jera tsofaffin kwanon rufi an lanƙwasa su sun rufe kan bulo, an danne da duwatsu. Rodin da suka leƙo daga ginshiƙai an shafe su da baƙin mai, an ɗaure kawunansu da leda. Na ga irin wannan sau ba adadi a makonnin da suka wuce. Na ɗauka tarkace ne aka rasa inda za a zubar.

"Wannan shi ne hula," in ji Baba. "Bulo yana da rami. In ka bar kansa a buɗe, ruwa zai shiga ya zauna, damina biyu bango ya fara tsagewa. To idan rani ya ƙare, abin hannu ma ya ƙare, sai mu sa masa hula ya jira kaka. Yanzu ka gaya mini, kai da ka yi makaranta: mutum yana sa wa abin da ya yar hula?"

"Kabewar fa?" na ce, don in sami abin riƙewa.

"Ni na shuka!" Mama ta ce. "Wurin da aka shuka abu, akuya ba zai kwana ba, yara ba za su mai da shi bayan gida ba. Kuma miya nake sha."

Baba ya ce in biyo shi in ga abin da nake nema. Muka ratsa ta gonar masara muka iso wani gini da tsayinsa ya yi daidai da na Mama. Kansa a buɗe yake. Ruwa ya cika ramukan bulo, gansakuka ta bi bango, wani ɗan ɓaure ya tsiro a kusurwa ya raba ta biyu, rodin sun yi ja sun fara ɓarewa. Mai shi ya rasu, 'ya'yansa suna Jos, ba wanda ya zo. Baba ya cire hularsa ta kai na ɗan lokaci, kamar a bakin kabari, ya ce, "Wannan ka rubuta masa abin da ka ga dama."

A fom ɗina gine-ginen nan biyu a gurbi ɗaya suke.

Da muka koma wajen ginin Mama ne abin ya kama ni sosai. Baba ya dafa bangon da tafin hannu, ya ce in matso. Sai a lokacin na lura ba launi ɗaya ba ne. Layukan ƙasa sun yi duhu, na bisansu sun ɗan yi ja, na sama kuma fari-fari ne. Tsakanin kowane launi da na gaba akwai siminti mai kauri fiye da sauran.

"Duk inda ka ga kauri, nan shekara ta sauya," ya ce. "In mun cire hula, sai mu wanke kan tsohon bulo, mu zuba siminti da yawa don sabo ya kama. Waɗannan na ƙasa, mijinta yana da rai, da yashin rafin gabas aka buga su. Waɗannan jajayen, shekarar da ya sayar da aladu a kasuwar Kafanchan."

"Ni na sayar," Mama ta gyara masa. "Shi yana kwance a lokacin."

"To ke ɗin. Waɗannan na wajen taga, 'yarta da ke Legas ya aiko. Na sama, citta ya yi kyau."

"Shekarar da cuta ta kama citta fa?" na tambaya.

"Ba layi. Hula kawai muka sauya."

Ban san sa'ad da na ajiye jakata a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ba. Abin da masu fom suke nema a ƙarshe, dalilin duk wannan wahala, shi ne su san yawan aikin ginin da ake yi a kowace shekara. Ga shi a gabana, an jera shekara bisa shekara, ba wanda zai iya goge shi ko ya ƙara masa! Na ƙirga layukan kowace shekara. Na ruga ginin maƙwabta, shi ma da hularsa, shi ma da launukansa. Na ruga na gaba. Ruwa ya fara yayyafi, ina zagaya bango ina ƙirgawa da ƙarfi, Baba yana biye da ni yana gyara mini, Mama tana daga nesa tana cewa a kama ɗan mutane kada ya zame. Ni da ban cika ɗaga murya ba, ranar dariya nake yi ni kaɗai. Tun ina ɗalibi rabona da irin wannan farin ciki.

A kan babur, ina kan hanyar komawa, farin cikin ya fara sanyi. Takarduna suna Kaduna. An yabe su. An sa sunana.

Kwana uku na yi ina jujjuya zancen. Ban yi ƙarya ba. Ƙa'ida na bi, kuma ƙa'idar ba ni na kafa ta ba. Wata zuciya ta ce in yi shiru in je Abuja, a can in ɗaga hannu in kawo zancen hula a matsayin shawara, kowa ya yaba da basirata, ba tare da na ce lambobina ba su da amfani ba. Wannan hanya ta yi mini daɗi ƙwarai, har na fara tsara kalmomin da zan faɗa. Amma kafin in ɗaga hannun, an riga an nuna jadawalin lambobina, an riga an karanta shafin bayanina, mutanen da ba su taɓa jin sunan Zonkwa ba sun riga sun rubuta cewa a can gini ya mutu. Ranar Lahadi a wurin sujada ban ji ko kalma ɗaya daga wa'azin fasto ba. Har yau kuma ba zan iya rantsewa cewa son gaskiya ne zalla ya tura ni ba. Akwai tsoron kada jami'in Abuja ya ci karo da wata Mama da kansa. Akwai kuma ɗokin abin da na gano, wanda ya ƙi zama a ciki.

Ranar Litinin na shiga ofishin Madam na rufe ƙofa.

"Madam, lambobin da muka aika ba daidai ba ne."

Ta cire tabarau. "Waɗanne? Waɗanda na gaya wa Kaduna babu irinsu?"

"Su."

"Ka tsallake wasu ƙauyuka ne? Ka zauna a gida ka cike?"

"A'a, Ma. Ko'ina na je."

"Ka bi ƙa'ida?"

"Na bi."

"To, Malam, ina ciwon yake? Kai fa matsalarka ke nan, sai an ba ka nama ka tsaya neman ƙashi. Shekara nawa kana jiran irin wannan dama?"

Na ajiye mata waya, na nuna mata hoton ginin Mama da na marigayin nan da ba hula, na yi mata bayanin hula da layuka. Ina magana ɗokin ya dawo mini. Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Can ta ɗago a hankali.

"Tsaya. Hanyar Kagoro, bayan firamare, akwai wani mai ɗaki huɗu da mangwaro a gabansa. Ka je nan?"

"Na je."

"Me ka sa masa?"

Na duba kwafina, ko da yake na riga na san amsar. "Watsi, Ma."

Dariyar da ta yi, sai da masinja ya leƙo ya ga ko lafiya. Ta buga tebur. "Ni da kaina na hau tsani bayan Ista na danne kwanon nan da dutse! Da wannan gwiwar tawa! Shekara biyar ina tara shi, ka zo da biro ɗaya ka kashe mini!" Ta share hawaye da gefen gyale. Sannan fuskarta ta koma ta ofis. "Ni ma na sa hannu a takardun nan ban duba ba. Na san hula tun ina yarinya, amma da na ga fom daga waje, sai na ɗauka abin da na sani a gida ba shi da wuri a ciki." Ta jawo takarda. "Zan rubuta musu. Amma ka sani, kujerar Abuja za ta iya tafiya."

"Na sani, Ma."

"Ka sani a baki. Bari ta tafi ka ji."

Jami'in Abuja ya iso ranar da aka sa. Dogo ne, Bazazzage, mai magana a hankali, da takalmi mai sheƙi wanda na tausaya wa tun kafin mu bar kwalta. Ya riga ya karanta wasiƙar Madam, kuma bai ɓoye cewa ba ta yi masa daɗi ba. Muka kai shi ƙauyen, Baba ya sake yin bayaninsa, wannan karon da rigar zuwa coci. Jami'in ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, na ji, kuma abin sha'awa ne. Amma ka tuna dalilin fom ɗin. An yi shi ne don kowa ya auna da mudu ɗaya. Idan ku kuka ce a ƙara gurbin hula, gobe wata ƙasa ta ce a ƙara nata, jibi wata, mun koma inda muka fito. Ƙa'ida mai ɗan kuskure da kowa ke bi ta fi ƙa'idoji ɗari masu kyau da ba sa haɗuwa."

Maganarsa gaskiya ce, kuma ita na fi tsoro, domin ni ma haka aka koya mini. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba na roƙon a taɓa gurbi ukun. A bar su yadda suke. Abu biyu nake roƙo. Na farko, a riƙa ƙirga a lokacin da mutanen wuri suke gini, mu nan bayan girbi ne. Na biyu, a sa tambaya biyu a ƙasa ga ginin da aka tarar ba a aiki: shin an kare shi daga ruwa, kuma layi nawa aka ƙara masa a shekarar da ta wuce. Ba sai an ambaci hula ba. Na tabbata ba mu kaɗai ne a duniya muke gina gida da abin da gona ta ba mu ba."

"Ka tabbata, ko kana zato?"

Na ce, "Ina zato, ranka ya daɗe."

"Yawwa. Gara ka faɗi haka."

Baba, wanda ya gaji da tsayuwa, ya sa baki. "Yallaɓai, ni ban san mudunku ba. Amma ko mudu ɗaya ne, wanda ya zo awon masara tana gona ba zai samu komai ba."

Jami'in ya nemi tsani. Aka kawo na gora, ya tuɓe takalmin, ya naɗe ƙafar wando, ya hau yana riƙe da bango da hannu biyu, Mama tana ƙasa tana cewa, "A hankali, Alhaji, in ka faɗi ba ni da abin gaya wa gwamnati." Ya ɗaga dutse guda, ya ɗaga kwanon, ya zura hannu cikin ramin bulo. Ya fito da shi a bushe, ya duba tafinsa, ya mayar da kwanon, ya danne da dutsen yadda ya same shi. Da ya sauko sai ya ce a kai shi ginin marigayin, can ma ya hau. Hannunsa ya fito da ruwa har gwiwar hannu.

Ya koma gindin mangwaro ya daɗe yana waya da Turanci. Ni kuwa ina tsaye ina ƙirga layukan bangon da na riga na haddace, don kada in kalle shi.

Hukuncin da ya dawo da shi kashi uku ne. Za a janye lambobinmu gaba ɗaya, har da shafin bayanina. Za mu sake ƙirgar daga farko bayan Kirsimeti, da tambayoyin nan biyu a ƙasan fom a matsayin gwaji, in kuma rubuta shafi ɗaya da zai kai wa masu tsara fom ɗin da hannunsa. Ko su karɓa ko su ƙi, wannan bai yi alkawari ba. Kujerar Abuja kuwa, tun da yanzu yankinmu ba shi da lamba ko ɗaya, za a ba jami'in wani yanki.

Madam ta yi gaskiya, sani a baki daban ne. Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Makon da aka yi taron na je ofis kullum, na tambayi farashin masara, na dawo, ban yi wa kowa doguwar magana ba. Shafin nan ɗaya kuwa sai da na rubuta shi sau bakwai, ina cire duk jimlar da na ji ta yi mini daɗi fiye da kima, har ya rage abin da na gani da idona kawai, da abu ɗaya da na ce zato ne. Abin da ya faru da shi a can, ban samu cikakken labari ba har yanzu. An ce an karanta, an yi gardama, an ce a jira sakamakon gwajinmu.

Sati na biyu bayan Kirsimeti na hau babur na nufi Samaru Kataf. Tun kafin in shiga gari na fara jin ƙarar shebur a kan tsakuwa. Motocin yashi suna wuce ni. A gidan farko an sauke kwanon hula an jingine a gindin itace, maza sun yi layi suna miƙa wa juna bulo, matan zumuntar coci suna zuwa da ruwa a ka suna waƙa, tukunyar gayya tana kan wuta. Na tsaya na nemi mai gida, na nemi birkila, na ɗaga kai na duba sama kafin in buɗe fom. A gida na biyu ana ɗora katako. A fili na uku, inda da damina masara ce kawai, an ja igiya ana haƙa harsashi. Irin wannan na ukun ban yi lissafi da su ba sam, domin daidai da jerin gine-ginen da na ƙirga da damina na ɗebo takardu.

Ranar Laraba da azahar na tsaya a bakin wata rijiya na kira Madam.

"Ma, fom ya ƙare."

"Wane fom? Na sati biyu na ba ka!"

"Ya ƙare, Ma. Ban ma shiga Zonkwa ba."

"Kai, Malam! To tsaya nan inda kake, kada ka motsa. Zan aiko masinja da wasu a motar kasuwa. Ka ci abinci kuwa?"

"An ba ni a wurin gayya."

"Ka ga aikin gwamnati mai daɗi. Ƙirga da kyau."

Motar ba za ta iso ba sai la'asar, ga kuma wani gini a tsallaken hanya ana cire masa hula. Na juya bayan takardar ƙarshe, na ja layuka da biro, na tsallaka.